Tarihin Ƙidayar Zubar da Ciki da Dokokin Kai Rahoto: Ina Gaskiyar Alƙaluman?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin gardamar da ake yi a kan zubar da ciki a ƙasashen Turawa zai lura da cewa kowane ɓangare yakan zo fage ne riƙe da alƙaluma. Masu neman a halatta shi a doka su ce mata dubu kaza ke mutuwa kowace shekara a hannun masu yi a ɓoye, masu neman a hana su ce ciki miliyan kaza aka zubar tun daga shekara kaza. Mu kuma da muke nesa sai mu kwashi waɗannan alƙaluma mu zuba a cikin laccocinmu da takardunmu, ba tare da mun tsaya mun tambayi wanda ya ƙirga ba, da inda ya tsaya ya yi ƙirgar, da kuma abin da wanda aka tambaya zai samu ko zai rasa in ya faɗi gaskiya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin tarihin ita ƙidayar kanta. Za a fi mai da hankali ga Amurka daga 1936 zuwa yau, domin a can ne aka fi kai ruwa rana a kan dokokin kai rahoto, sa'an nan a waiwayi Ingila da Rumaniya, waɗanda suka bi wasu hanyoyi dabam. Hukuncin aikin a addini da ɗabi'a yana da malamansa, ba kuwa shi ya tara mu a nan ba. Abin da nake son in nuna shi ne, dokar da ta tilasta wa likita kai rahoto takan gyara ƙidaya ne kawai a inda likitan da majinyaciyarsa ba su tsoron abin da za a yi da takardar.

Kafin mu shiga, akwai maganar kalma. Bahaushe ya raba ɓari da zubar da ciki: na farko ƙaddara ce ta faɗa wa mace, na biyu kuwa da hannun mutum a ciki. A Turancin likitoci kalma ɗaya ce ta daɗe tana ɗauke da ma'anonin biyu, sai an ƙara mata siffa ake bambancewa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai nazarin tsofaffin littattafan asibiti, domin kuwa macen da aka kawo tana zubar da jini, ko ɓari ta yi ko wani abu ta sha, sau da yawa likita ba ya iya bambancewa da ido. Abin da zai shiga littafi ya dogara ne ga abin da ta faɗa, da abin da shi likitan ya ga dama ya rubuta.

2.0 Zamanin Ƙiyasi

Zuwa farkon ƙarni na ashirin kusan dukkan jihohin Amurka sun haramta zubar da ciki in ba don ceton ran uwa ba. Abin da doka ta mai da shi laifi kuwa ba wanda zai buɗe masa rajista. Saboda haka duk adadin da aka ambata na wancan zamani ƙiyasi ne, mafi shahara kuma shi ne na Frederick Taussig, wani likitan mata na birnin St. Louis, a cikin littafin da ya wallafa a 1936. Ya kamata mu dubi yadda ya yi lissafinsa, domin dabarar tasa ba ta mutu ba har yau. Game da birane, ya ɗauki bayanan mata 10,000 da suka je wani asibitin tsarin iyali a Niyok, inda aka sami ciki ɗaya da ya zube a kan kowace haihuwa biyu da rabi. Game da ƙauyuka, ya dogara ga ra'ayin wasu likitocin jihar Iowa, waɗanda suka ce ɗaya ne a kan haihuwa biyar. Ya auna waɗannan da yawan haihuwar ƙasar, ya fito da 681,600 a shekara, ɓari da zubarwa a haɗe. Sa'an nan ya aro ma'aunin mace-mace daga Jamus, watau kashi 1.2 cikin ɗari, ya sami mata kimanin 8,000, ya kuma ce ƙila su kai 10,000.

Raunin wannan lissafi a fili yake. Matan da suka je neman maganin hana haihuwa a Niyok ba za su tsaya a madadin matan biranen Amurka duka ba, tun da galibinsu wahalar ciki a kai a kai ce ta kai su can. Adadin 681,600 kuma, da ɗari shidansa a wutsiya, yana sa mai karatu ya zaci ɗaya bayan ɗaya aka ƙirga, alhali kuwa ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙiyasi. Shi kansa Taussig, a wani taro a 1942, ya amsa cewa adadin mace-macen nasa ya yi yawa, ya ce bai fi 5,000 ba. Amma magana zarar bunu ce. Daga waɗannan adadi biyu nasa ne aka sami zancen nan na mata 5,000 zuwa 10,000 a shekara, wanda aka yi ta maimaitawa har shekaru talatin bayan haka.

A cikin waɗannan shekaru kuwa duniyar likitanci ta sake. Takardun shaidar mutuwa na Amurka sun nuna mata kusan 2,700 a 1930 waɗanda aka rubuta cewa zubewar ciki ce ta kashe su, watau kusan kashi 18 cikin ɗari na mace-macen ciki da haihuwa. A 1940 sun sauko ƙasa da 1,700 kaɗan, a 1950 sun ɗan haura 300, a 1965 kuwa ba su cika 200 ba. Abin da ya jawo wannan saukowa shi ne shigowar magungunan salfa da fenisilin da kuma ƙarin jini, domin ruɓar mahaifa da zubar jini su ne manyan makasa. Ba shakka waɗannan takardu sun gaza gaskiya, gama likitan gida yakan rubuta wata cuta dabam don ya rufa wa iyali asiri. To, amma ko an ninka na 1965 sau biyar, bai kama ƙafar 5,000 ba. Bernard Nathanson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar neman soke dokokin hani a 1969, ya faɗa a cikin littafinsa na 1979 cewa sun yi ta amfani da wancan adadi shi kuwa ya san ba gaskiya ba ne. Sai dai a tuna cewa ya faɗi haka ne bayan ya sauya sheƙa ya koma ɗaya ɓangaren, shaidar tubabbe kuwa ita ma sai an auna ta. Abin da ya tabbatar da maganarsa shi ne takardun mutuwar, ba tubansa ba.

A nawa ganin, mafi gaskiyar abin da aka faɗa a duk wancan zamani shi ne na taron da ƙungiyar Planned Parenthood ta kira a 1955, wanda Mary Calderone ta tace takardunsa suka fito a 1958. Kwamitin alƙaluma na taron, a ƙarƙashin Christopher Tietze, ya ce zubar da ciki a Amurka zai iya zama 200,000 a shekara, zai kuma iya zama 1,200,000, ba kuwa wata hujja ta zaɓen wani adadi a tsakani. Masana ne suka taru suka ce ba su sani ba. Duk da haka, a shekarun 1960 sai miliyan ɗaya ta zama abin faɗin 'yan jarida da 'yan majalisa, aka manta da 200,000.

3.0 Littafi Biyu a Ƙasa Ɗaya

Daga 1967 wasu jihohi suka fara sassauta dokokinsu, jihar Colorado ce ta farko, Niyok kuma ta buɗe ƙofa sosai a 1970. A 1969 Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta gwamnatin tarayya da ke Atlanta ta fara tattara adadin cikin da aka zubar bisa doka. A 1972 ta sami 586,760, ta kuma rubuta mutuwar mata 39 daga aikin ɓoye da 24 daga na halal a doka. Ranar 22 ga Janairu 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, wanda ya halatta aikin a ƙasar baki ɗaya. Mutum zai zaci daga nan matsalar ƙidaya ta ƙare. Ba ta ƙare ba, dalili kuwa yana cikin tsarin mulkin ƙasar.

A Amurka rajistar haihuwa da mutuwa hurumin jihohi ne. Ba wata dokar tarayya da ta wajabta wa jiha ta aika wa cibiyar Atlanta da alƙaluman zubar da ciki; roƙo aka riƙa yi kowace shekara ga yankuna 52, watau jihohi 50 da gundumar babban birni da birnin Niyok, wanda ya ga dama ya amsa. Yawancin jihohi suna da dokar da ta ce asibiti ko likita ya kai rahoto ga ma'aikatar lafiya ta jiha, amma tambayoyin fom ɗin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, ba kuma kowace jiha ke bin sawun wanda ya ƙi kaiwa ba. Likitan da ke yin aikin jefi-jefi a ɗan ofishinsa shi ne ya fi kuɓucewa.

Ganin haka, Cibiyar Guttmacher, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta buɗe nata littafin tun daga alƙaluman 1973. Ita ba ta bi ta ma'aikatun jihohi. Takan nemo duk wani wuri da aka san ana yin aikin ta tambaye shi kai tsaye, ta yi ta naci, inda aka ƙi amsawa kuma ta yi ƙiyasi. Tun daga shekarar farko littattafan biyu suka saɓa: na gwamnati 615,831, na Guttmacher 744,600. A 1990, shekarar da adadin ya kai ƙololuwa, na gwamnati ya ba da kimanin miliyan 1.43, na Guttmacher kimanin miliyan 1.61.

Abin da ya faru tsakanin 1997 da 1998 ya isa darasi ga duk mai koyar da tarihi da jadawali. Rahoton gwamnati na 1997 ya ce 1,186,039, na 1998 kuwa 884,273. Wanda ya zana waɗannan a kan allo zai ga faɗuwar 300,000 a shekara guda, har ya fara neman dalilinta a cikin sauyin ɗabi'u ko wa'azin coci ko sababbin magungunan hana ɗaukar ciki. Alhali kuwa dalilin yana cikin ƙaramin rubutu a ƙasan jadawali: a 1998 an cire jihohi huɗu daga jimilla, ciki har da Kalifoniya, jihar da ta fi kowace yawan mutane, wadda a dā akan cike gurbinta da ƙiyasi. Daga nan Kalifoniya ta ɓace daga littafin gwamnati, haka ma New Hampshire, daga baya Maryland ta bi su. A 2020 gwamnati ta ƙirga 620,327, Guttmacher kuwa 930,160. Tazarar ta haura 300,000, Kalifoniya ita kaɗai ta ɗauki kusan rabinta. Abin lura a nan shi ne, Guttmacher ta fito ne daga cikin Planned Parenthood, ba ta kuma ɓoye cewa tana goyon bayan halatta zubar da ciki ba, amma masu adawa da ita ma adadinta suke ɗauka in suna son jimillar ƙasa, domin shi ya fi cika.

To, me zai hana a tambayi matan su da kansu? An yi. Gwamnatin Amurka tana da babban binciken gida-gida a kan aure da haihuwa tun 1973, kuma kusan duk lokacin da masana suka gwada amsoshin matan da ƙidayar asibitoci, sai a tarar abin da aka faɗa bai kai rabin abin da aka yi ba. Wannan fa a shekarun da aikin yake halal a doka ne, mai tambaya kuma ya yi alkawarin ɓoye suna. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, in ji Hausawa, matan Amurka ma sun san haka.

4.0 Fom a Gaban Alƙali

Dokokin kai rahoto na jihohi sun je gaban Kotun Ƙoli har sau uku, abin da aka yi ta ja a kansa kuwa shi ne manufar fom ɗin. A 1976, a shari'ar Danforth daga jihar Missouri, kotu ta yarda jiha ta nemi rahoto muddin don kiyaye lafiyar mata ne, kuma za a tsare sirrin majinyaciya. A 1986, a shari'ar Thornburgh, ta rushe dokar Pennsylvania. Wannan doka ta nemi a rubuta yankin da matar take zaune, da shekarunta, da launin fatarta, da ko tana da aure, da yawan cikin da ta taɓa yi, da yadda ta biya kuɗi, sa'an nan ta ce kowa na iya zuwa ya duba takardun ya kwafa. Ba a nemi suna ba, gaskiya ne. Amma a ƙaramin gari, in an ce baƙar fata ce 'yar shekara kaza, mai aure, mai ciki na biyar, ai an gama faɗin suna. Alƙalai biyar cikin tara suka ga cewa irin wannan fom tsoratarwa ce aka lulluɓe da mayafin ƙididdiga. A 1992, a shari'ar Casey, kotu ta amince da sabuwar dokar rahoto ta Pennsylvania wadda ta tsare sirrin matan.

Ke nan tun daga farko fom ɗin aiki biyu ake nema ya yi. Jami'in lafiya yana son ya san yawan masu yi da shekarunsu da watannin cikin da kuma wace hanya ce ta fi haɗari. Ɗan siyasa kuwa, na kowane ɓangare, yana son makami. Gwargwadon yadda aiki na biyu ya rinjayi na farko, gwargwadon yadda mai cike fom zai riƙa taka-tsantsan da alƙalaminsa.

5.0 Ingila: Inda Tilas Ta Yi Aiki

Masu neman Amurka ta kafa dokar rahoto ta ƙasa baki ɗaya sukan kafa hujja da Ingila, suna kuwa da gaskiya har zuwa wani matsayi. Dokar 1967, wadda ta fara aiki ranar 27 ga Afrilu 1968, ta ce sai likitoci biyu sun sa hannu, wanda ya yi aikin kuma dole ya aika da sanarwa ga Babban Jami'in Lafiya na gwamnati. A ƙa'idar da aka kafa daga baya, cikin kwana 14. Ƙin aikawa laifi ne. Da haka Ingila da Wales suka sami jerin alƙaluma na shekaru fiye da hamsin ba yankewa: 214,256 ga mazauna ƙasar a 2021, da 251,377 a 2022. Sai dai ba tsoron hukunci kaɗai ya sa aka cike fom ba. A 2021 kashi 99 cikin ɗari na aikin hukumar lafiya ta ƙasa ce ta biya kuɗinsa, wanda gwamnati ke biya kuwa ba shi da abin da zai ɓoye mata, sanarwar kuma ba ta kai kowa kurkuku.

Duk da haka akwai gurbi ɗaya a fom ɗin da bai kamata mai tarihi ya ɗauke shi a kan fuskarsa ba, watau gurbin dalili. Kimanin kashi 98 cikin ɗari akan rubuta su ne a ƙarƙashin dalili guda, na haɗari ga lafiyar jikin matar ko ta hankalinta, kusan duka kuma ta hankali. Wannan bai gaya mana abin da ya kawo matar ba, ko talauci ne ko karatu ko mutuwar aure. Abin da ya gaya mana shi ne ƙofar da doka ta bari a buɗe, kowa kuma ta nan ya bi. Har ila yau, a 2014 ma'aikatar lafiya ta gwada sanarwar likitoci da wata rajista dabam da ɗakunan gwaje-gwaje ke ajiyewa ta lalurar Down, aka tarar kusan rabin cikin da rajistar ta ce an zubar saboda wannan lalura ba a same su a rubuce da wannan dalili a sanarwar ba.

Littafin Ingila ya kuma daɗe yana yi wa maƙwabciyarta Ailan ƙidaya, domin can an hana, mata sukan ƙetare teku. A 2001 mata 6,673 suka ba da adireshin Ailan, a 2018 sun sauko 2,879, har wasu suka ɗauka abin raguwa yake yi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2018 aka halatta, a 2019 kuwa Ailan ta ƙirga 6,666 a cikin gida, ban da 375 da suka je Ingila. Mai yiwuwa halattawar ta ƙara adadin. Amma sanannen abu ne cewa kafin nan wasu sukan ba da adireshin 'yan'uwa a Ingila, wasu su tafi Holan, da yawa kuma ƙwayoyi suke saye ta intanet a aiko musu ta gidan waya. Wane kaso ne sabo, wane ne tsoho da ya fito fili, alƙaluman ba za su raba mana ba.

6.0 Rumaniya: Inda Tilas Ta Ɓata Lissafi

Idan Ingila ta nuna amfanin tilas, Rumaniya ta nuna iyakarta. An halatta zubar da ciki a can a 1957, zuwa 1965 an rubuta kimanin 1,115,000 a shekara, watau huɗu a kan kowace haihuwa ɗaya. A watan Oktoba 1966 gwamnatin Nicolae Ceausescu ta fitar da doka mai lamba 770 ta hana, in ban da 'yan dalilai kaɗan, don tana son ƙarin ma'aikata. A 1967 adadin da aka rubuta ya faɗo zuwa kimanin 200,000, haihuwa kuma ta yi tsalle daga 14.3 cikin kowane mutum dubu zuwa 27.4.

Ba wata ƙasa da ta sa ido a kan mahaifar mata kamar wannan. A shekarun 1980 har wuraren aiki ake bi ana duba mata don a gano mai ciki a rubuta ta, a bi ta har ta haihu. Macen da aka kawo asibiti da alamar ta taɓa cikinta, sai an sanar da masu gabatar da ƙara. Idan yawan rahoto ne ke kawo gaskiya, da alƙaluman Rumaniya sun fi na kowa. Abin da ya faru shi ne, likitoci masu tausayi suka riƙa rubuta ɓari, mata kuma suka riƙa ƙin zuwa asibiti sai rai ya kai ga halaka. Zuwa 1983 haihuwa ta koma 14.3, daidai inda take kafin dokar, a ƙasar da magungunan hana ɗaukar ciki ba su samuwa sai a kasuwar bayan fage. Ina sauran cikin suka tafi? Amsar tana cikin littafin da ya fi wuyar murɗewa, na gawa. Mutuwar mata masu ciki ta tashi daga kimanin 86 cikin kowace haihuwa 100,000 a 1966 zuwa kimanin 170 a 1989, kashi 87 cikin ɗari kuwa daga zubar da ciki ne. Mata kusan 10,000 aka rubuta sun mutu ta wannan hanya a tsawon dokar. An soke ta ranar 26 ga Disamba 1989, kwana ɗaya bayan harbe Ceausescu. A 1989 littafi ya nuna ƙasa da 200,000, a 1990 ya nuna kusan miliyan ɗaya.

Tarayyar Sobiyet kuwa tata hanyar dabam ce: bayan ta sake halattawa a 1955 tana ƙirgawa, amma ta kulle alƙaluman a matsayin sirrin gwamnati har ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka bayyana cewa sukan kai wajen miliyan bakwai a shekara.

7.0 Komawa ga Ƙiyasi

Mu koma Amurka. Dukkan tsarin ƙidayarta, na gwamnati da na Guttmacher, an gina shi ne a kan cewa akwai gini da likita da gado. A shekarar 2000 aka amince da ƙwayar mifefiriston, zuwa 2020 fiye da rabin zubar da cikin ƙasar da ƙwayoyi ake yi, a 2023 kuwa kashi 63 cikin ɗari. Ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs, Kotun Ƙoli ta warware hukuncin 1973 ta mayar wa jihohi da ikon, jihohi fiye da goma suka hana kusan gaba ɗaya. Jihar Texas, wadda kafin 2021 takan rubuta fiye da 50,000 a shekara, a 2023 ba ta rubuta ko ɗari ba. A wannan shekara dai Guttmacher ta ƙiyasta matan Texas fiye da 30,000 sun tafi wasu jihohi, ban da waɗanda likitan wata jiha ya duba ta intanet ya aika musu da ƙwayoyi. Jimillar ƙasar ma, a ƙiyasin cibiyar, ta haura miliyan ɗaya a 2023, watau ta fi ta 2020.

Tsoron fom kuma ya dawo. A 2022 aka kai wata yarinya 'yar shekara goma da aka yi wa fyaɗe daga Ohio zuwa Indiana, babban lauyan jihar ya fito ya nuna shakkar ko likitar ta kai rahoto, 'yan jarida suka nemo takardar suka nuna ta kai a kan lokaci. Takardar ta wanke likitar, amma kowane likita a ƙasar ya ga cewa fom ɗin da ya cike yana iya fitowa a jarida. Jihar Michigan ta soke wajabcin kai rahoto a dokar da ta kafa a 2023, a 2025 kuma ita kanta Guttmacher, wadda ta shafe shekaru hamsin tana neman cikakkun alƙaluma, ta shawarci jihohi su bar tilastawa, don a ganinta haɗarin ya rinjayi amfanin. Masu adawa da ita suka ce rufe ido ne ga illolin aikin. Ina ganin kowanensu ya kama wani gefe na gaskiya, ko da yake mai tarihi na gaba shi zai biya kuɗin wannan rikici.

A nan ne labarin ya iso gare mu. A Nijeriya, dokar Final Kot ta Arewa da takwararta ta Kudu ba su yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, saboda haka ba mu da rajista, ba mu taɓa fita daga zamanin Taussig ba. Adadi biyu da aka fi ambata mana, 610,000 na 1996 da miliyan 1.25 na 2012, duka daga binciken Guttmacher da abokan aikinta na jami'o'inmu suka fito. Na 2012 an same shi ne ta ƙirga matan da aka yi wa magani a wasu zaɓaɓɓun asibitoci bayan ciki ya zube, aka ɗebe waɗanda ake zaton ɓari ne, sa'an nan aka ninka saura da wani adadi da aka samo daga ra'ayin ma'aikatan lafiya game da yawan waɗanda ba su zo asibiti ba. Dabarar ta fi ta 1936 tsari nesa ba kusa ba, amma danginta ce, kuma ta ba da 33 cikin kowace mace dubu mai shekara 15 zuwa 49. A 2018 wani binciken gida-gida ya bi wata hanya: ya tambayi mace a kan kanta, ya kuma tambaye ta a kan aminiyarta ba tare da ambaton suna ba, ya kuma raba tambayar cire ciki da ta shan magani don dawo da al'ada bayan ɓatan wata, tun da mata da yawa ba su ɗauki na biyun zubar da ciki ba. Da matan suka yi magana a kan kansu an sami kimanin 29 cikin dubu. Da su ɗin dai, a zama ɗaya, gaban mai tambaya ɗaya, suka yi magana a kan aminansu, an sami kimanin 46.